Mai Bugun Katako

Ni ne Barsoma, mai bugun katako
a majami'ar ƙauyenmu, gefen kogin Furatu.
Shekara talatin guduma na hannuna,
ni ke tada mutane su zo addu'a
tun zakara bai gyara murya ba.

Ranar da Rumawa suka naɗe tabarmarsu
ko sallama ba su yi mana ba.
Sun bar ganuwa mai tsaga
da rumbun da ɓera ya yi wa ƙaura.
Da ma can ba su ɗauke mu 'yan'uwa ba.
Almasihu ɗaya muke kira,
su ce bakinmu ya karkace wajen kiransa.

Sai ga Larabawa bisa ramammun raƙuma.
Matata Shamuni ta tura gicciyen azurfa
cikin tulun man zaitun, ta liƙe bakin da laka.
Ni kuwa na rungume katakona
sai ka ce ƙirji na tare takobi.

Kwana uku ana magana a ƙofar gari.
Malaminmu ya fita gwiwa na rawa,
ya dawo riƙe da fata rubutacciya.
Aka karanta: rayukanku da dukiyarku,
majami'arku da gicciyenku, duk amana ne.
Ba mai rushewa, ba mai ɗaure doki a ciki.
Ku kuma, dinari kan kowane baligi,
da alkama, da mai, da saukar baƙo.

Na ɗaga hannu, na ce, to katakon fa?
Aka yi dariya, har da mutanenmu.
Shugabansu Zufaru, mai tabo a gira,
ya dube ni, ya dubi gudumar,
ya ce wa tafinta, gaya wa tsoho ya buga,
amma ya sassauta in mun tsaya salla.

Asubar farko hannuna ya ƙi.
Na buga ɗaya, na saurara.
Ba takun doki, ba kukan mace,
sai kare can bayan rijiya.
Na buga biyu.
Ƙofofi suka soma ƙara,
mutane na fitowa da ɗaiɗai
kamar kaji bayan wucewar shaho.

Kada in yi ƙarya, tsufa ya hana ni.
Dinarin nan yana da haƙora.
Shekarar fari ya cinye akuyata da 'ya'yanta,
kuma da muka so ƙara ɗaki ga majami'a
aka ce fatar ba ta faɗi haka ba,
gyara dai, ban da sabon gini.
Inuwar wani, ko ta yi sanyi,
ba kai ke cewa ga inda za ta faɗi ba.

Amma ba wanda ya tambaye ni
yadda nake kiran Ubangijina.
Wancan tambaya ta tafi da Rumawa.

Ɗana Addai ya bi su a shekara ta tara.
Ba wuƙa a wuyansa, na duba da idona.
Da an tilasta shi, da na san wanda zan tsine wa.
Yanzu yana wucewa zuwa sallarsa,
ya ajiye mini gurasa a dokin ƙofa,
mu gaisa, kowa ya riƙe sauran maganarsa.

Shamuni ta fasa lakar tulun daga baya.
Gicciyen ya fito yana ƙyalli, ya sha mai.
Shi muka mayar bisa bagade,
man kuwa mai karɓar jiziya ya auna ya tafi.

Gobe ma zan tashi cikin duhu.
Ladaninsu zai hau rufin laka,
in jira ya kai ƙarshen numfashinsa,
sannan in ɗaga guduma.
Ba da ƙarfi ba.
Daidai yadda kurman maƙerin nan, Sargisu,
zai ji a ƙashinsa, ya laluba takalmi.